Lamba Bakwai

Rumfata na ƙarƙashin gadar Kwangila,
inda tireloli ke tari, 'yan kamasho na rabon zagi.
Cajin waya nake yi, ina tura waƙoƙi,
ɗari biyu in cika maka kunne har wata ya mutu.

A nan Haliru ya yi mini yaron shago shekara biyu,
hannu na jona waya, baki na motsi
kamar mai bitar hadda.
Ashe baitoci yake ɗinkawa.

Ya sayar da kekensa, ya ranci adashin yayarsa,
ya shige wani ɗaki a Samaru
da aka jingina wa katifu don su shanye kukan janareto.
Wata biyar. Ya fito da waƙa goma sha ɗaya,
da sabon suna, Ɗan Jushi,
da ramar da ta sa wandonsa neman igiya.
Kundin ya sa masa Kwanan Zaune.

Ranar ƙaddamarwa an jera kujera ɗari a Kongo.
Na ƙirga mu: sha tara, har da mai kujerun.
Ana ta uku aka ɗauke wuta,
ya ci gaba da baki zalla,
muna haska shi da wayoyi, gumi na ɗiga daga haɓarsa.

Sai gari ya waye da alƙalai.
'Yan jami'a suka ce Hausar ta yi yawa.
Dattawan Ƙofar Doka suka ce, ina Hausar?
Wannan ai faɗa ne da ganga a bayansa,
yaro na zuba kamar an biyo shi.
Wani daga Kano ya ce Zazzaganci ba ya hawa kiɗa.
Gidan rediyo ya sa rabin ta farko,
ya datse ta da tallan maganin basir.

Haliru ya daina biyowa ta gada.

Mako uku ba wanda ya ce tura mini.
Saura ƙiris in goge, in ba wa'azi wuri,
sai wani ɗan acaɓa ya kashe mashin ya ce,
kana da waƙar nan ta fansho?
Lamba bakwai ke nan:
tsohon ma'aikacin reluwe
mai goge takalmi kowace Litinin,
ya je layin tantancewa, ya dawo da 'yar takarda a aljihu,
shekara tara,
jirgi bai zo ba, kuɗi ma haka.

Daga nan ta bi gari kamar ƙamshin tsire da magariba.
Masu faci a Sabon Gari, mai shayin Agoro,
wata malamar firamare daga Wusasa
da ta saurara a tsaye,
ta juya mini baya tukuna kafin ta biya.

Ran Alhamis bayan la'asar
wani dattijo ya tsaya, takalminsa na sheƙi.
Na gane goshin tun kafin sallama.
Malam Tanimu ne, wanda ya rantse a gaban maƙwabta
bai haifi maroƙi mai wando a cinya ba.
Ya miƙo 'yar waya ɗaure da roba.
Ta bakwai, ya ce.
Ina turawa ya dubi gada, ya dubi ƙasa.
To, sa sauran ma.

Na ce, Baba, bar kuɗinka.
Ya ajiye ɗari biyu a tebur, ya danne da caja.
Gumin yaro ne, ya ce, ba a cin sa kyauta.

Ya tafi, ban iya gaya masa ba
ko sisi ba ya isa Jushi daga rumfar nan.
Ni ke ci, ni da masu irin sana'ata.

Da dare na buɗe littafin ciniki,
na bi lamba bakwai da yatsa: sau tamanin da shida.
Na ware kuɗin a leda,
na rubuta sunansa na yanka a kai.
Ledar na nan a ƙasan akwatin caja.
Gobe in na tashi kasuwa zan kai masa.
Haka na ce jiya ma.