Fatun Kakana

Kakana Barmu bai taɓa ganin teku ba.
Babban ruwan da ya sani shi ne tafkin bayan Birni,
mai ƙafewa tun bazara ba ta yi nisa ba,
ya bar kwaɗi da tsagaggen laka.
Duk da haka teku ta ci bashinsa,
har ya koma ga Allah ba ta biya ba.

Fatun awaki ɗari bakwai da arba'in,
ya jeme su da bagaruwa
har tafin hannunsa ya rine, ya ƙi wankuwa.
Damina biyu yana tarawa.
Tsahara ta cire mundayenta, aka cika ladan raƙuma.
Daga Zango sai Kano, daga Kano sai Ikko,
daga nan sai abin da ba a iya bin sawunsa.
Dillali ya ce, "Wata shida, ka zo da jaka."

Sai Turawa suka ɓata da juna.

Layya biyu ta wuce kafin takarda ta iso Damagaram.
Kyari tafinta ya warware ta a inuwar bariki,
ya yi gyaran murya, ya ƙi haɗa ido da shi.
Ya ce an tare jirgin a tsakiyar ruwa.
Harbi ɗaya aka yi a gaban hancinsa, ya tsaya cak.
Ba a nutsar da shi ba, ba a kashe kowa ba,
an dai ja shi kamar sa zuwa wata gaɓa,
domin tutar da ke kansa ta abokan gaba ce.

Barmu ya ce, "Awakina ba su da tuta."

Kyari ya ci gaba.
Alƙalai sun zauna a wani gari mai sanyi,
sun ce mai kaya ya bayyana cikin kwana arba'in.
An kira sunanka sau uku a zaure.
"Ina na ji? Ina majema."
Sammacin ma wata biyar ya yi a hanya.

Ga hukuncin:
fata takalmi ce, takalmi na soja ne,
soja kuwa yaƙi ne,
saboda haka fatunka makamai ne.
Halastacciyar ganima.
An yi gwanjonsu, an raba, an rufe littafi.

Sun ce dariya ya yi, har ya dafa bango.
Ya ce, "Mahara sun tare ubana a hanyar Agadas.
Ya ga idanunsu, ya ji warin zufarsu,
sun kwashe ayari, sun bar masa salka ɗaya
don kada ƙishi ya kashe shi.
Ba su ce masa shari'a ce ba.
Ni nawa maharan sun iya rubutu."

Ya koma bakin kwatarniya washegari.
Bai sake ambatar zancen ba,
sai dai duk Baturen da ya ratsa Kasuwar Dole,
Barmu ba ya duban fuskarsa.
Ƙafa yake kallo.
Yana neman wata akuya mai tabo a kafaɗa
da ya saya a Mirya, ranar wata Lahadi.

Takardar na nan cikin adakar Tsahara,
gara ta cinye sunan alƙali na biyu.
A ƙasa akwai hatimi mai zanen ƙarfe,
baki biyu a lanƙwashe, da zobe a sama.
An ce da shi jirage ke kama ƙasa.
Ina yaro na ɗauka ƙugiya ce,
irin wadda muke zurawa rijiya
idan guga ya tsinke.

Jiya ma na duba ta, bayan na dawo layin famfo
da jarka biyu, ɗaya babu komai.
Ƙugiyar tana nan.
Igiyar ce ba mu da ita.