Jan Mai

Ranar da suka turo ta garejina a Rumde Ajiya,
yara huɗu a baya, Baba Nomau a sitiyari,
na san ciwon tun kafin in tsugunna.
Marsandi ce mai ƙofa biyu, kujera biyu,
ta girme ni da shekara shida,
ga dogon hanci, ga kwanciya ƙasa-ƙasa
kamar kada a yashin Binuwai.

Na zaro sandar awo na sansana.
Man da ya kamata ya yi ja kamar zoɓo
ya koma ruwan ƙanzo, sai ƙauri.
Na kwance farantin ƙasa na shafa,
garin ƙarfe ya bi yatsana
kamar kwalli.

Na ce, Baba, cikinta ya cinye kansa.
Inji na kururuwa, tayoyi ba su ji.
Lamba ɗaya da ƙyar, ta biyu sulɓi,
ribas kuwa ta yi sallama.
Ya ce, na sani, tun bara.
Shekara guda ke nan ina ajiye ta
inda ba sai na koma da baya ba.

Na ce, mu mai da ita ta hannu mana.
Giyabos mai canza kansa irin wannan
ba shi a Marwa, ba shi a Kusiri,
na hannu kuwa gobe in kawo uku.
Bai tanka ba. Ya ɗage bakin wando,
ya ƙwanƙwasa ƙafar hagu da makulli.
Itace ya amsa.
Wa zai taka min kulocin, Gambo?
Na sunkuya ina neman sifanar da ke hannuna.

Wata huɗu tana kan kututturai.
Kaza ta yi ƙwai a ƙarƙashin kujera.
Duk Juma'a in an sauko
sai ya zo da tsumma ya goge fitilu,
bai taɓa tambaya ta yaushe ba.

Can wani ɗan ƙanwarsa ya tono ɗaya a Duwala,
jirgin ƙasa ya kawo shi Ngaundare,
motar auduga mai dawowa fanko ta ƙaraso da shi.
Bijimi biyu suka tafi a kai.

Da dare muka yi aikin,
don ranar Garwa ba ta barin a riƙe ƙarfe.
Ni da Jatau a cikin rami, tocila a baki,
muka sauke tsohon a kan ƙirji,
nauyin buhun masara da ɗori.
Noti ɗaya ya ƙi, ya ci fatar yatsa,
na gaya masa abin da ba zan rubuta ba.
Tulun tsakiya sai an lallaɓa,
a juya, a tura, a kasa kunne,
sai ya ce ƙas sau uku kafin a yarda.
Sannan jan mai, sabo, a hankali,
kamar ana ba majinyaci kunu.

Da asuba ya zo, ya zauna, ya yi bisimilla.
Na zaci gaba zai yi.
Sai ya ja sandar zuwa ribas.
Ta numfasa, ta motsa,
ya wuce mai ƙosai da baya,
ya wuce famfo, ya wuce shagon tela,
hularsa a karkace, yana dariya shi kaɗai,
har ƙarshen layi.

A kan gada na rufe ido ina ƙirga,
ɗaya, biyu, uku,
ko shayi ba zai zube ba.

Tsohon giyabos na nan bakin ƙofa.
Masu sayen ƙarfe sun zo sau biyu da sikeli.
Baba ya ce, abin da ya ɗauke ni shekara talatin da ɗaya
ba a auna shi da kilo.
A kansa Jatau ke zama ya ci abincin rana.