Kabeji a Gindin Matakala

Wanda ya sayar min da ita a bakin kasuwar Gimli
ya rantse ba za ta wuce girman kyanwa ba.
Cikin hular sanyi na kawo ta gida,
'yar aladiya baƙa wuluk, tana rawar ɗari.
Na sa mata suna Kabeji,
don shi ta fara sata.

Yau shekara shida ke nan.
Teɓarta na sharar daɓe.
Sikelin likitan dabbobi ya ce kilo saba'in da ɗaya,
na ce masa ɗayan nan
tuffar Odarka ce, maƙwabciyata,
wadda in iska ta kaɗo ta kan shinge
ba ta taɓa kwana a ƙasa ba.

Ta koyi buɗe firiji da hanci.
Na ɗaure ƙofar da igiyar jirgi,
irin ƙullin da na shekara arba'in ina yi a tafkin nan,
wanda guguwa ba ta taɓa kwancewa ba.
Ta dube ni, ta dubi ƙullin.
Kwana uku ya ɗauke ta.
Man shanu ya tafi, da rabin kifin da na kyafe.
Na yi faɗa har muryata ta dushe,
ita kuwa ta juya min ƙeya yini guda,
ƙarshe ni na je biko, da karas a hannu.

Runa ta bugo waya daga Winnipeg:
"Baba, mutane fa kare suke ajiyewa."
Na ce to, a gaishe su.

Akwai lambun da Steinunn ta bari.
Tun ranar da muka rufe ta ban taka shi ba,
ciyawa ta kai gwiwa,
fartanyarta na jingine inda ta jingine ta.
Wata safiya na leƙa ta taga
na ga ƙasa a birkice, baƙa, tana tururi,
ga Kabeji a tsakiya, taɓo har kunne.
Na daɗe tsaye, gahawa ta huce a hannuna.
Tunda an riga an yi huɗa
sai na je na sayo irin dankali.

Hunturu kam ba sa ga maciji da shi.
Sai ta tsaya a bakin ƙofa tana tsala ihu
kamar ni na zubo dusar ƙanƙarar.
In ɗauki shebur, in share mata hanya
har gindin bishiyar da ta zaɓa,
ta taka a hankali, kofato ɗaya bayan ɗaya,
ta dawo da gudu ta shige bargo na,
wanda yanzu ba nawa ba ne.

Bara ta daina hawa bene.
Matakala goma sha uku, ta biyu ta gagare ta.
Dare huɗu tana gurnani daga ƙasa,
ba da ƙarfi ba,
irin na mai tambaya ko akwai kowa.
Na biyar na jawo katifa,
na sauko da ita kusa da murhu.
Runa ta yi murna, wai na ji maganar likita
na tausaya wa gwiwoyina.
Ban gyara mata zancen ba.

Yanzu tafki ya daskare har inda ido ya tsaya,
jiragen duk suna tudu, a kife.
Cikin dare minsharinta na tashi, na sauka,
kamar injin tsohon jirgina in ya yi zafi.
Nakan kasa kunne, yadda na saba,
ko zan ji wani wuri na ƙwanƙwasa.
Babu.
Sai in ja ɗan gefen bargon da ta rage min.