Gardi da Kwashe Kuɗi

A Nebraska, ranar da aka liƙa jerin masu tallafi,
Wendell Prochaska ya ɗora yatsa
yana bin sunaye.

Na farko kamfani ne, ba fuska, sai lamba.
Ta biyu wata tsohuwa ce a Arizona,
rabonta da garin
tun kafin a rufe makarantar firamare.
Gonarta Wendell ke haya.
Shi ke shan sanyin asuba kan tarakta,
cek kuwa ya san hanyar gidanta.

Nasa sunan can ƙasan shafi na huɗu,
kuɗin ko tayar baya ɗaya ba su saya.

Eusebio, da ya girbe masarar kaf,
yana waje, mota a kunne.
Bai ma shigo dubawa ba.