Tanimu a Jikin Gada

Ran da na shigo Ikko a bayan motar albasa,
dattawa uku na tarar a bakin hanya,
farare fat, hula fara, hannu a dunƙule.
Na ɗaga musu hannu, yaron mota ya tuntsire:
"Baƙauye, siminti kake gaidawa?"
Na ce bar ni,
baƙo ba ya zaɓen wanda zai yi wa sallama.

Shekara tara ke nan, yanzu duk mun saba.
Na san dawakin nan na ƙofar dandali,
ƙafafun gaba a sama, ba linzami, ba mahayi,
ba su taɓa sauka sun ci harawa ba.
Na san masu farin lulluɓi na Idumota,
fuska a rufe, sanda a hannu,
suna kallon ciniki ba su taɓa tayawa ba.

Kakata ta ce gunki ba ya kwana gidan mai salla.
Ban musa mata ba.
Sai dai waɗannan ba su da gida,
a titi suke kwana kamar mu,
ruwa ɗaya ke dukanmu,
hayaƙin danfo ɗaya muke shaƙa.

Wata Lahadi da kasuwa ta yi sanyi
na ratsa ƙarƙashin gada ina neman inuwa.
Kifaye shuɗɗa na iyo a ginshiƙi,
ga mai ganga, bakinsa buɗe ba sauti,
ga wata uwa da goyo da faranti a ka.
Na sha kwana,
sai ƙafata ta ƙi tafiya.

Tanimu.
Tanimu ɗan Gwadabawa, abokin dakona,
tsayinsa ya kai bene hawa biyu,
gammo a kansa, kwando bisa gammo,
albasa ja jawur, kowace kamar tulu.
Har zanen Gobir da ke kumatunsa,
an ja shi layi-layi daga baki zuwa kunne.

Sai na tuna yarinyar nan, Morenike,
mai wando duk ɗigon fenti,
da ta zo kasuwa tana roƙon fuska.
Ya ce, "Me za ki yi da fuskar ɗan dako?
Ga masu kuɗi can a rumfa."
Ta saya masa shayi da burodi,
ya zauna kan kifaffen kwando yana ƙunƙuni
wai ta sa shi asarar lodi biyu.

Bara da azumi tari ya kore shi gida.
Kafin salla aka bugo waya.
Bai bar hoto ba, sai katin shaida
wanda gumi ya cinye rabin fuskar.

Ga shi nan kuwa, yana kallon go-sulo.
Manyan motoci na rarrafe ƙarƙashin haɓarsa,
mutumin da a da ake yi wa oda ya kauce.

An lilliƙa masa takardu a wuya,
wannan na neman ƙuri'a, wancan na maganin basir.
Na ari benci wurin mai faci,
na hau, na sa farce ina ɓanɓarowa.
Mai facin ya ce, "Aboki, ɗan'uwanka ne?"
Na ce e. Ban ƙara ba.

Da dare na tura hoton a wayar ƙanensa.
Kwana biyu shiru.
Ran na uku muryar tsohuwa ta shigo,
ana jin awaki a bayanta:
"Ashe haka ya girma a Ikko?
Allah ya yi wa mai zanen albarka.
Amma ku faɗa mata ta cika masa haƙora.
Ɗana da wushirya na haife shi."