Yashin da Ban Ɗiba Ba

Ni mai ɗiban yashi ne a Yawuri,
jirgi ɗaya, shebur biyu, bashi uku.
Tun asuba nake bugun ruwa da filafili
kafin tifar Magawata ta tsaya a gaɓa tana haki.

Ran wata Laraba, rani ya ja kogi baya,
gungun yashi ya fito fari fat
kamar garin rogo a kan faifai.
Na tofa miyau a tafi, na ɗaga shebur,
sai na ji daga baya: "Baba, tsaya!"

Su huɗu ne, a kwalekwalen da ke yoyo.
Tumba ce babba, takalminta a wuya,
Nomau da reza a bayan kunne,
Arzika na riƙe da murfin tukunya,
sai ƙaramar, Ige, mai giɓi biyu,
wadda aikinta kwarfe ruwa da gwangwani.

Na ce, "Me zan tsaya wa? Babu komai a nan."
Tumba ta durƙusa inda bakin shebur ya nufa,
ta hura yashin a hankali
kamar mai hura kunu ga jinjiri.
Yashin ya buɗe ido.
Ido baƙi, ƙanƙane, bai kai ƙwayar wake ba,
sannan baki, sannan gashi mai launin ƙasa.

"Ɗan ladin kogi ne," in ji ta.
"Uwar ce ke binne shi in ta ga shirwa.
In rana ta take, sai ta jiƙa ƙirjinta a kogi
ta zo ta ɗiga masa sanyi."
Shekara ashirin ina taka wannan gungu,
ban taɓa sanin yana numfashi ba.

Can gefe ɗan'uwansa na ja da baya,
zaren tsohuwar koma ya ɗaure masa ƙafa.
Nomau ya cije leɓe, ya sa reza,
zare ɗaya, zare biyu,
hannunsa na rawa, Ige na cewa "sannu, sannu,"
ban san ko da yaron take ko da tsuntsun ba.
Shirwa ta sauko ƙasa-ƙasa tana leƙe,
Arzika ya daki murfi, ƙau! ƙau!
har ta haye sama da haushi.

Na ce, "Yara, yashin nan tuwona ne."
Ige ta dubi kogi, gabas da yamma,
ta ce, "Baba, yashi da yawa.
Ita kuwa biyu gare ta."

Ban amsa ba.
Na mai da shebur cikin jirgi,
na gangara inda yashin ke da tsakuwa.
Magawata ya murza shi a yatsa, ya yamutsa fuska,
ya rage mini kuɗi.
Daren nan miya ba kifi,
kuma ban faɗa wa mai ɗakina dalili ba.

Kashegari na tarar sun kafa kara,
sun ɗaura tsummoki ja a kai,
shinge mara ƙofa, wanda ɗan akuya zai tsallake,
amma masu jirage suka riƙa kauce masa.
Kwalekwalensu ya nutse ran Asabar,
sai ni na zama mai fito, ba ko sisi.

Ba duka aka ci ba.
Guza ya zo da dare, ya bar sawun wutsiya,
Nomau ya ƙi magana kwana biyu.
Ɗayan, mai tabon zare a ƙafa,
ya yi gudu, ya yi gudu a bakin ruwa,
ran nan gudun ya rabu da ƙasa.

Yanzu damina ta haɗiye gungun.
Kara ɗaya ya rage, tsummansa na lilo.
In na wuce nakan sassauta filafili,
in kuma zan kafa shebur a wani wuri,
sai in duba ko babu mai kallo,
in durƙusa,
in hura.