Mushe

Jirgin Legas ya yi lattin awa uku.
Ina jingine da ginshiƙi, makullin mota a yatsa,
ina ƙirga fasinjan da wasu direbobi suka riga ni,
sai ga wani tsoho da jaka guda,
idonsa na hagu rufe da auduga da filasta,
yana ɗaga kai ga alluna kamar mai duban jinjirin wata.

Ya tsaya gabana, ya gyara murya:
"Fardon, mushe."

Mushe!
Ni Barau ɗan Mantau, mai 'ya'ya huɗu a Rigasa,
da raina da lafiyata, ko zazzaɓi ban yi ba bana.
Na buɗe baki in mayar masa da tasa,
sai wata ƙofa ta buɗe can cikin kaina:
aji biyu na sakandare, ranar Laraba bayan tara,
Mista Yayok mutumin Kagoro, alli har gwiwar hannu,
yana rantsuwa da kabarin kakansa
wata rana sai mun nemi abin da muke wa dariya.
Mu kuwa muna bayan aji muna ɓare gyaɗa.

Shekara ashirin da biyu ke nan.
Ga ranar ta zo, da jaka guda da ido ɗaya.

"U e la sorti?" in ji tsohon.
Na laluba rumbun, ba komai sai ƙaiƙayi.
Bonju ta fito, ta tsaya tana kallona.
Gosh ta biyo ta, na kai hannu goshi,
ban san ko hagu ce ko dama ba.
Na ce, "A gosh," na nuna dama.
Na ce, "A durwat," na nuna banɗaki.
Ya bi yatsana da idon da ya rage masa,
ya ce marsi, don kara, ba don ya gane ba.

Taku uku ya yi, tayar jakar ta maƙale,
ta kife, kwalbar magani ta gangara ƙarƙashin benci.
Sai na ji ya ce, can ƙasa-ƙasa,
"Kai, wagga tahiya ta ishe ni."

Tahiya.
Da ha ɗinta, irin ta mutanen Tawa,
irin wadda kakata ke yi in tana faɗa da akuya.

Na ce, "Baba, ashe kana jin Hausa?"
Ya juyo da jikinsa duka.
"Yaro, da ita aka yaye ni.
Shekara arba'in ina saida goro a Abijan.
Na ga gilashi, na ga masu kaki, na ga rubutu ko'ina,
na ce nan ba wurinta ba ne,
na bar ta bakin ƙofa kamar takalmi."

Ban yi dariya ba.
Ni ma kullum nan nake tuɓe tawa,
in rataya guntun Turanci a wuya
har in koma gida.

Sunansa Abarshi, asibitin ido za shi.
Na durƙusa na zaro kwalbar, na ɗauki jakar.
Ƙofar da muke nema tana bayanmu tun ɗazu,
a buɗe, iska na shigowa.

A hanyar Mando ya fara biya tun ba mu yi ciniki ba:
gosh hagu, durwat dama,
tu durwa ka miƙe, kada ka waiga.
Ina maimaitawa, ina kauce wa ramuka.
Da muka iso shataletale na ce, "A gosh?"
Ya ce, "Ni na sani? Garinku ne, mushe."

Wannan karon na amsa.

An ce Mista Yayok ya yi ritaya,
ya koma gida yana noman citta.
Ba ni da lambarsa.